Gyalen kwarashi mai zanen ganye: me ya sa nawa ya fito da nauyi?

Wata ƙanwarmu daga unguwar Zariya a nan Maradi ta aiko da tambaya. Ta ga hoton wani gyalen kwarashi a waya, shara-shara, ganyaye jere a jikinsa daga wannan baki zuwa wancan. Ta sayo ulu a babbar kasuwa, ta ɗauki kwarashin da take saƙa hular jarirai da shi, mai milimita 4, ta saƙa wajen kamu guda, sai abu ya fito da kauri da nauyi, ganyen ma ba a gane shi. Tana so ta san ko zanen ne ba ta iya ba, ko zaren ne, da kuma yadda za ta yi wanda za a iya yafawa a zafin garinmu.

Ƙanwata, sannu da aiki. Hannunki ba shi da laifi. Zaren da kwarashin ne suka dace da juna fiye da yadda gyale ke so. Ulun da ake sayarwa don hula da safar jarirai yawancinsa akirilik ne, wato zaren roba, kuma kwarashi mai milimita 4 shi ne daidai da shi. In aka haɗa su saƙa takan fito a cushe, iska ba ta samun hanya, abin da ake nema ke nan ga jariri a watan Janairu. Gyale akasin haka yake buƙata: zare siriri, kwarashi kuma ya fi ƙarfin zaren, don kowace saƙa ta samu wurin sakewa. Ganye kuwa ba ya fitowa sai da fili a gefensa, ramukan da ke kewaye da shi su ke zana shi. Wancan da kika fara kada ki warware, ki ƙarasa shi bargon goyo, zai yi rana in hunturu ya shigo.

In za ki sayi zare, daina kallon girman dunƙule, duba takardar da ke jikinsa. Abu biyu ake nema a wurin, nauyi da tsawo. Ulun jarirai giram 100 yakan ba da mita 250 zuwa 300. Na gyale irin wanda kika gani, giram 100 ya kamata ya haura mita 500, wani siririn da ake yi don wannan aiki ma yakan kai mita 800. Tun daga nan aka raba gyale da bargo, kafin a taɓa kwarashi.

Ni a garin nan auduga nake zaɓa, wadda aka gyara ta yi santsi da sheƙi. Wani mutumin Ingila, John Mercer, shi ya gano a 1844 cewa in aka jiƙa auduga a ruwan soda mai ƙuna, irin wadda matanmu ke haɗa sabulu da ita, zaren yakan ƙara ƙwari ya kuma sha rini da kyau. Daga baya aka gano in an ɗame zaren sa'ad da ake jiƙa shi, sai ya fito da ƙyalli. Shi ne za ki ga an rubuta mercerisé a takardar, kamar a zaren kamfanin DMC na garin Mulhouse a Faransa da ire-irensa. Lambobinsa a juye suke: 5, 10, 20, 30, lamba tana hawa zare yana ƙara sirancewa. Lamba 10 nake ba ki shawara, giram 50 nata yakan kai mita 260 zuwa 280. Lamba 20 ta fi ta kyau a jiki, amma aikin zai ci ido ya ci lokaci, ki bar ta sai gyale na biyu. Ki tambayi masu sayar da kayan teloli, in ba su da shi ki ba da saƙo ga masu zuwa Kano ko Yamai.

Sau da yawa dunƙule yakan zo babu takarda, mai kanti kuma ya rantse miki auduga ce. Ki yanko kamar tsawon yatsa ki kai masa ashana. Auduga tana ci da sauri, warinta na takarda ne, tokarta mai laushi ce, kina murzawa ta watse. Roba tana narkewa ta dunƙule ta bar baƙin ƙulli mai tauri. Akwai na uku, zaren nan mai tsananin ƙyalli da ake surfani da shi ana ce masa siliki. Shi ma yakan ci kamar auduga, amma in kika jiƙa shi kika ja za ki ji ƙarfinsa ya ragu, ga santsi da ke sa saƙa ta zame. Yana zubowa a kafaɗa gwanin sha'awa, sai dai ba na mai fara wannan aiki ba ne. Akirilik siriri in an samu yana yiwuwa, amma ki tuna da Afrilu da Mayu sa'ad da zafi ke wuce digiri 40: roba ba ta shan gumi, kuma gyalen roba kusa da murhu abin tsoro ne, don in wuta ta kama shi narkewa yake ya manne da fata.

Launi ɗaya za ki saya, ba mai sirki ba. Zare mai canza launi kowane kamu yana haɗiye zanen, ki sha wahalar ƙirga a banza. Ki sayi abin da zai ishe ki gaba ɗaya rana ɗaya, daga rini ɗaya, don dunƙule biyu masu suna ɗaya kan bambanta in ba tare aka rina su ba, kuma a gyale bambancin ba ya ɓuya. Baƙi da shuɗi mai duhu suna gajiyar da ido da dare, balle in wuta ta ɗauke ana aiki da fitila.

Sai kwarashi. Takardar zare mai lamba 10 za ta ce miki milimita 1.5 ko 1.75. Gaskiya ta faɗa, amma ga mai saƙa shimfiɗar tebur ko murfin kwano, abin da ake so ya tsaya ƙyam. Ke 2.5 za ki ɗauka, in hannunki mai ɗamewa ne ki hau 3. Kwanakin farko za ki ji kamar saƙar ta yi sako-sako ba ta da kyau. Haka ake so, ki daure.

Yanzu ganyen kansa. Saƙa uku kawai yake ci, kuma duk kin iya su. Sarƙa. Doguwa, wadda ake naɗa zare sau ɗaya kafin a soka kwarashi, a fidda ta biyu-biyu. Sai haɗe, inda za ki fara doguwa ki bar jan ƙarshe, ki fara ta kusa da ita ki bar nata, sannan ki jawo zare ta cikinsu duka su zama kai ɗaya.

Ganye yana tsirowa daga kan doguwa guda. A kanta ki yi doguwa, sarƙa ɗaya, doguwa: faɗinsa uku ke nan, don sarƙar tsakiya ma ana ƙirga ta. Layi na gaba ki yi doguwa a kan ta farko, a cikin gurbin sarƙar ki sake doguwa, sarƙa, doguwa, sannan doguwa a kan ta ƙarshe: biyar. Haka za ki yi ta yi, dogaye a kan dogaye, ƙari kuma kullum a gurbin tsakiya, ya zama bakwai, ya zama tara. Ƴan ramukan nan da suka hau kan juna a tsakiya su ne jijiyar ganyen. Daga tara sai saukowa: haɗe biyun farko, doguwa biyu, doguwa ɗaya a cikin gurbin ta rufe jijiyar, doguwa biyu, haɗe biyun ƙarshe, ya dawo bakwai. Layi na gaba haɗe, uku, haɗe: biyar. Sai haɗe, ɗaya, haɗe: uku. Sai ki haɗe ukun duka su zama tsinin ganye, kuma a kan wannan tsinin sabon ganye zai tsiro. Layi takwas ke nan: uku, biyar, bakwai, tara, bakwai, biyar, uku, ɗaya.

Abin da ke sa gyalen ya tafi a miƙe shi ne ganyaye maƙwabta ba sa girma tare. Sa'ad da wannan yake tara, na gefensa ɗaya ne. Wannan ya sauko bakwai, wancan ya hau uku. Su haɗu a biyar da biyar, su wuce juna. A tsakaninsu kullum sarƙa biyu. Saboda haka duk layin da kike ciki, ki haɗa faɗin ganye da na maƙwabcinsa, dole su ba ki goma. In suka ba ki tara ko sha ɗaya, kuskure na nan kusa, a layin da kike ko wanda ke ƙarƙashinsa, ki warware tun bai yi nisa ba. Wannan goman ta fi kowace takarda amfani, da ita ake saƙa ana hira a tsakar gida ba a ɓata ba. Inda na fi ganin masu koyo suna tuntuɓe shi ne layin da ake rufe jijiya: hannu ya saba yin uku a gurbin tsakiya, sai ya sake yi, ganye ya ƙi saukowa.

Don gwaji, ki yi sarƙa 41. Ki soka a ta huɗu daga kwarashi ki yi doguwa, ki ƙara ɗaya a ta gaba. Da sarƙa ukun da kika tsallake sun zama dogaye uku, su ne bakin gyale, kuma kowane layi da uku zai fara da uku zai ƙare. Sai sarƙa biyu, ki tsallake biyu, doguwa ɗaya. Sarƙa biyu, tsallake biyu, dogaye tara. Haka kuma ɗaya, tara, ɗaya, sannan sarƙa biyu, tsallake biyu, dogaye uku na ɗaya bakin. Kin samu ganye biyar. Daga layi na biyu masu ɗaya su fara hawa, masu tara su fara sauka. A wannan layin kaɗai masu tara ba su da gurbi a tsakiya, haɗe ne, dogaye biyar, haɗe. Kowane ƙarin faɗi sarƙa 14 ne, wato lissafin shi ne 14 sau adadin da kike so, a ƙara 13. Na sa ki fara da ɗaya ki ƙare da ɗaya don bakuna biyu su riƙa kumbura tare su lotsa tare. Bakin ba zai miƙe sak ba, zai riƙa bin cikin ganye, kuma wannan ado ne, kada ki yi faɗa da shi. In kina son ƙarin iska ki mai da sarƙar tsakani uku, sai dai lissafin zai koma 16 a ƙara 15.

In kika ci karo da zane a intanet, ki nemi mai alamomi maimakon mai dogon rubutu. Ƴar ƙwai sarƙa ce, harafin T mai karan tsaye da gicciye ɗaya doguwa ce, in ƙafafu biyu ko uku suka haɗu a kai ɗaya haɗe ne. Alamomin kusan ɗaya suke ko daga Japan zanen ya fito ko daga Faransa. Rubutu kuwa yana da tarko, don Amurkawa da mutanen Ingila suna kiran saƙa biyu daban da suna ɗaya: abin da ɗan Amurka ke nufi da doguwa, sunan nan a Ingila na gajeriya ne, wato wadda ake soka kwarashi ba tare da an fara naɗa zare ba. Wadda ta bi ba ta sani ba gyalenta zai fito rabin tsayinsa, a cushe. A Faransanci doguwarmu ita ce bride. Akwai kuma wata hanyar daban, ta mutanen Ayalan, wadda ta bazu a lokacin yunwar da ta fara a 1845, mata suna saƙawa suna sayarwa don ciyar da gida: a saƙa kowane ganye shi kaɗai, a jera su a kan ƙyalle, a haɗe su da raga. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma ya fi nauyi kuma bakin zaren da za a ɓoye ba ya ƙirguwa. Ba shi kika gani ba, in dai ganyayen a jere suke layi-layi.

Ki yi layi 16 ko 24 na gwajin, sannan ki tsaya. Abin da ke hannunki zai zama a tattare, ganyaye a naɗe, ba zai yi kama da hoton ba ko kusa. Hoton nan da kika gani ba daga kan kwarashi aka ɗauke shi ba, sai da aka jiƙa aka miƙe aka kafe. Yawancin masu saƙa a wajenmu ba sa yin wannan, shi ya sa aiki mai kyau yake fita kasuwa a ƙudundune.

Ki jiƙa shi a ruwa mai tsabta kamar minti ashirin har ya sha. Ruwan pampo, ba wanda ya kwana a randa da laka a ƙasa ba, don auduga mai haske tana kama ja. Kada ki murɗa. Ki shimfiɗa shi a tawul ki naɗe ki danna. Sai ki shimfiɗa farin zane tsoho a kan katifa, ki kwantar da shi, ki fara ja daga tsakiya zuwa baki a hankali har ramukan su buɗe, kina kafe cikin kowane ganye na baki da ƴan alluran nan masu kai na teloli. Ki tabbata ba masu tsatsa ba ne, don tabon tsatsa a jiƙaƙƙiyar auduga da wuya ya fita. A ɗaki za ki yi, ba a rana ba, rana tana cin launi, ƙurar hunturu kuma tana manne wa abu mai danshi. Da rani kafin yamma ya bushe, da damina ki sa masa fanka kada ya yi warin sanyi. Sai ya bushe ƙarau za ki zare allurai. Za ki ga tsinin ganye ya fito, jijiya ta bayyana, abin kuma ya ƙara faɗi da tsawo sosai. Na san za a ce miki ki sa sitaci ko ruwan ƙaro kamar shadda. Kada ki sa. Gyale zubowa ake so ya yi, ba tsayuwa ba. In kuma akirilik kika yi da shi, jiƙo kaɗai ba ya riƙe shi, sai tururi: ki kafe shi, ki ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle, ki kawo dutsen guga dab da shi ba tare da kin danna ba. In ƙarfe ya taɓa shi ya narke, ba gyara.

Bayan ya bushe ne za ki auna, ba kafin nan ba. Misali in ganye biyu da sarƙoƙinsu sun ba ki santimita 6, kina kuma son faɗin kusan 60, tara za ki yi: 14 sau 9, a ƙara 13, sarƙa 139. Tsawo kuwa santimita 180 zuwa mita 2, gwargwadon tsayinki. Gwajin nan kuma shi zai gaya miki yawan zaren da za ki saya. Ki kai shi a ɗora a ƙaramin sikeli irin na masu zinariya. In santimita 20 ne ta kowane gefe, gyale mai 60 da 180 ya ninka shi sau 27. Gwaji mai giram 7 yana nufin giram 189, ki ƙara dunƙule ɗaya don tsaro. Da zare mai lamba 10 lissafi yakan tsaya a wajejen giram 200, nauyin da kafaɗa ba ta ma sanin an ɗora mata.

Yawancin waɗanda ake gani a waya mai kusurwa uku ne, don Turawa a wuya da baya suke rataya shi. Mu yafa muke, mu jefa gefe ɗaya a kafaɗa, saboda haka dogo mai kusurwa huɗu ya fi mana. Amma akwai abin lura. Ganye yana da kai yana da gindi. In kika fara daga wannan baki kika tafi har wancan, ranar da kika yafa gefe ɗaya ganyensa na kallon ƙasa, ɗayan na kallon sama. Maganinsa ki fara daga tsakiya. Ki saƙa rabin tsawon, ki yanke zare, ki koma kan sarƙar farko ta ɗaya fuskar, ki yi tara a ƙarƙashin tara, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ki nufi ɗaya gefen. Sarƙar nan tunda a tsakiyar baya za ta zauna, ki yi ta da kwarashin da ya ɗara naki da rabin milimita, in ba haka ba za ta ɗaure gyalen a tsakiya, ko an jiƙa ba za ta saki ba.

Wajen ƙarewa ki tsaya a layin tara da ɗaya. In kina gaggawa layin gajeru ɗaya ya isa. In kina son abin da za a tsaya a kalla, ki bi kowane mai tara shi kaɗai ki sauko da shi, bakwai, biyar, uku, ɗaya, ki yanke, sai bakin gyale ya zama tsinin ganyaye a jere. Geza da duwatsu ban ga amfaninsu a nan ba, nauyin da muka gudu su ke dawo da shi, su kuma ja ganyayen su zama sirara. In dunƙule ya ƙare kada ki ƙulla a kan sarƙa, ƙulli a fili ba ya ɓuya. Ki haɗa sabo a cikin ganye inda dogaye suke cushe, ki bar wutsiya kamar santimita 12, daga baya ki bi da ita cikin dogayen da allura, gaba sannan baya.

Ki sani tun yanzu wannan gyale ado ne, ba ya suturta jiki shi kaɗai. A kan ɗankwali da riga mai hannu ake ɗora shi, ko a kan hijabi mara ado ranar biki ko suna, kuma a kan launin da ya saɓa da nasa ganyen ya fi fitowa. Ɗinka masa shafi a ciki yana hana shi sakewa, gara a yafa su biyu kowanne da kansa. In kuma sayarwa kike tunani, ki yi lissafi tukuna: layi wajen 200, kowanne da saƙa kusan 140, sun kai 28,000, duk da hannu. Ba za ki yi gasar farashi da gyalen inji da ke jibge a kasuwa ba. Ki yi shi ga wadda ta yi oda ta ba da kuɗin zare tun farko, ko don kayan lefe.

Da hunturu kaushin yatsa yana kama zare siriri ya tsattsage shi. Ki shafa man kaɗanya da dare, da safe ki wanke hannu kafin ki taɓa aiki, don maiƙo yana barin tabo, sabon lalle ma haka. Dunƙulen ki sa shi a roba mai murfi, ki huda murfin zare ya riƙa fitowa ta nan, kada ya yi ta birgima a ƙasa. Wanki da hannu ne, da sabulu mai sauƙi, ban da jabel in mai launi ne, ban da cuɗawa. Duk ranar da aka wanke sai an sake shimfiɗawa an kafe, don auduga tana komawa ta tattare in ta sha ruwa. Kada a rataya shi a igiya jiƙe, nauyin ruwa zai ja shi ya zama dogo siriri. A ninke ake ajiye shi a cikin wani ƙyalle, nesa da abin hannu da ƴan kunne masu ƙugiya. In wani abu ya kama zare ya jawo shi waje, kada ki yanke, ki sa kwarashi ki riƙa jan saƙoƙin da ke gefensa kaɗan-kaɗan har zaren ya koma wurinsa.